Na samu aiki, amma wa zai kula min da yara daga tashi makaranta zuwa magariba?

"Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da mutuwar aurena, kuma yara uku suna hannuna: mace 'yar shekara 13 tana aji biyu a ƙaramar sakandare, namiji ɗan shekara 11 yana aji shida a firamare, sai autansu ɗan shekara 8. Allah ya sa na samu aiki a wani asibiti mai zaman kansa a nan Kano, daga 8 na safe zuwa 5 na yamma, Litinin zuwa Juma'a, kuma kafin in iso gida 6 ta wuce. Yaran suna tashi daga boko tsakanin 1:30 da 2, suna zuwa Islamiyya daga 4 zuwa 6. Ɗaki biyu muke haya a gidan da ke da wasu 'yan haya uku. Mahaifiyata tana nesa da mu, sai an hau mota biyu. Mutane suna ce min ai babbar ta isa ta riƙe ƙannenta, amma hankalina bai kwanta ba. Albashin kuma ba zai ɗauki babbar 'yar aiki ba. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya sanya albarka a wannan aiki, ya sa a fara a sa'a.

In na fahimce ki, yaranki sun wuce a kai su gidan raino, ba su kuma kai a sakar musu gida a tafi ba, ga shi babu kuɗin ɗaukar babbar mace ta wuni da su. Wannan tsakanin shi ya fi wahalar da duk mai riƙon yara shi kaɗai, bazawara ce, ko wadda ta fita takaba, ko magidancin da matarsa ta rasu. Jariri kowa ya san sai an riƙe shi, har rububin ɗaukarsa ake yi. Ɗan shekara 11 kuwa sai a ce ai ya girma, kowa ya kawar da kai, alhali a shekarun ne yaro yake fara zaɓar abokai da kansa, yana sanin lungunan unguwa waɗanda ke ba ki taɓa bi ba.

Shawarata a dunƙule ita ce, kowace awa daga tashinsu makaranta zuwa dawowarki ta zama akwai wani babba guda da kika san lambarsa, wanda shi ma ya san a wannan awar yaran suna wuyansa. Ba dole ne ya zauna da su a ɗaki ba. Dole ne dai ya san sun dawo, ya lura in ba su dawo ba, su kuma su san ƙofar da za su buga. 'Yarki mai shekara 13 ba ta cikin waɗannan manyan, zan zo kan dalili.

Ki fara da ƙirga awoyin

Yawancin iyaye suna kallon abin a haɗe, "daga biyu zuwa shida kullum", sai ya yi musu girma. Ki zauna da takarda ki rarraba shi. Litinin, Talata da Laraba yaran za su iso gida wajen 2 ko 2:30, su ci abinci, su yi azahar in ba su yi a makaranta ba, su watsa ruwa su sauya kaya, kafin 3:45 sun kama hanyar Islamiyya. Wajen awa ɗaya da rabi ne, kuma cike yake da abin yi. Sai ɗan guntun da ke tsakanin tashinsu da isowarki, minti 20 ko 30, wanda a watan Nuwamba da Disamba yake faɗawa daidai magariba, duhu ya fara shiga.

Alhamis da Juma'a su ne ramin. Islamiyyun Kano, kamar makarantun allo, galibi daga Asabar zuwa Laraba suke karatu, su huta kwana biyun nan. Ranar Alhamis ke nan yaran suna hannun kansu daga 2 har bayan 6, awa huɗu cur. Ranar Juma'a boko tana tashi da wuri, wajen 12 ko 12:30, ya zama kusan awa shida, ga masallacin Juma'a da mazan za su ce za su je. Fita ce da ba za ki hana ba, dawowar ce sai yadda ta yiwu. In kin tara, makon gaba ɗaya wajen awa 16 ne, goma daga ciki a kwana biyu suke. To nan za ki zuba ɗan kuɗinki da alfarmar da za ki roƙa. Kwana ukun farko sa ido kawai suke buƙata, kwana biyun ƙarshe kuwa sai an samar musu wurin zuwa ko mai zama da su.

Shekara 13 ta isa?

Masu ce miki ta isa suna da rabin gaskiya. Yarinya mai natsuwa a wannan shekarun za ta iya zama a gida awa biyu da rana, ta zuba wa kanta abinci, ta sa sakata. A Ingila, inda doka ba ta yanke shekarun barin yaro shi kaɗai ba, ƙungiyar kare yara ta NSPCC tana gaya wa iyaye cewa wanda bai kai 12 ba da wuya ya iya zama shi kaɗai na dogon lokaci, wanda bai kai 16 ba kuma kada a bar shi ya kwana shi kaɗai. Ma'auni ne mai kyau ko a nan. Sai dai riƙe kai daban, riƙe wasu daban.

Ga abin da yake faruwa idan aka ce mata "ke ce babba, ki kula da su". Tsakaninta da ƙaninta shekara biyu ce kacal, kuma namiji ne da ya fara jin kansa. Tana cewa kada ka fita, zai ce ke a wa? An ɗora mata alhaki, ba a ba ta iko ba. Abu biyu ne ya rage mata: ko ta kai masa hannu a kaure da dambe, autan ya sha a tsakani, ko ta ƙyale shi ya fita, ta rufa masa asiri don kada ki dawo ki hau ta da faɗa. Na biyun ya fi yawa kuma ya fi haɗari, domin daga ranar da suka haɗa baki suka ɓoye miki abu ɗaya, kin daina sanin abin da ake yi a gidanki da rana. Sannan ki duba ita kanta. Baɗi za ta shiga aji uku, ta zauna jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. In yammacinta ya ƙare a wanke-wanke, shara, ɗora tukunyar dare da rabon faɗa, katin sakamakonta zai faɗa miki. Duk wanda ya daɗe yana aiki da ɗalibai ya san yarinyar da ta fara gyangyaɗi a aji ko ta daina kawo aikin gida, in aka bincika sau da yawa ita ce uwar gidansu da rana.

Ki raba aikin, kowa da nasa, kuma kowa ke zai yi wa bayani kai tsaye. Ita makulli da waya. Ɗan shekara 11 shi ke da cika randa da kai ƙaninsa Islamiyya ya dawo da shi, hannu da hannu. Autan ya kwashe kwanuka, ya jera takalma da jakunkuna. Ki faɗa a gabansu su uku cewa ba ki ba kowa izinin duka ba, kuma in wani ya taka doka aikin yayarsu kawai ta sanar da babban da ke kusa, laifin na wanda ya taka ne. Wannan maganar ta ƙarshe ki yi ta nanata mata har ta yarda da gaske kike, don ita ce za ta sa ta riƙa gaya miki gaskiya.

Kafin ranar fara aiki ki gwada su da tambayoyi, ɗaya bayan ɗaya. Wani ya buga ƙofa ya ce ni na aiko shi ya karɓi tukunyar gas, me za ku yi? Ƙaninku ya faɗi ya fasa goshi, jini yana zuba, fa? Kun dawo kun tarar kwaɗon ƙofa a buɗe? Amsar ta ƙarshen ita ce kada su shiga, su wuce wajen maƙwabciya. Kowannensu, har autan, ya haddace lambar wayarki. Sannan ki yi fitar gwaji sau biyu ko uku, awa ɗaya, awa biyu, ki dawo ba zato ki ga abin da za ki tarar.

Babban da ke kusa

A gidan da ke da 'yan haya huɗu da wuya a rasa matar da take wuni a gida. Wadda kuka fi hira da ita ba lallai ita ta dace ba. Ki nemi wadda take nan da gaske daga 2 zuwa 6, ba mai yawan biki da suna ba. Ki dubi nata yaran yadda suke. Ki kuma lura da masu shiga ɗakinta da rana: mijinta yana wuni a gida? Akwai ƙannen miji samari da suke zuwa cin abinci? In akwai, ta riƙa leƙa yaranki a ɗakinku, kada su riƙa zama a nata.

Abin da za ki roƙe ta ya zama ƙayyadadde, abu uku: ta ga shigowarsu, ta ga fitarsu Islamiyya, ta kira ki in 2:45 ta yi ba su shigo ba. Ki ba ta makulli ɗaya. Kuma ki yanka mata wani abu duk wata ko da ta ce haba ai ɗa na kowa ne, kuɗi ne, ko kwanon shinkafa da sabulu da katin waya. Alfarma tana ɗaukar mako biyu ko uku, yau da gobe kuwa sai Allah. Wadda ake ba wani abu tana jin nauyin sanar da ke ranar da za ta fita unguwa, ke ma kina da bakin yi mata gyara.

Inda irin wannan shiri ya fi lalacewa shi ne aike. A hankali yaranki za su zama su ne masu sayo mata magi da kai niƙa, wata ma har ta ɗora wa yarinyar farantin talla "ta ɗan zaga layi". Tun ranar farko ki faɗa cikin raha cewa kin hana su fita ƙofar gida ko da ke kika aike su, don kada abin ya zama kamar ita kike nufi. Haka zancen duka: ta tsawatar da baki, sauran ta bar miki. Ki kuma tanadi mutum na biyu a layinku, domin maƙwabciyar za ta haihu, za ta yi tafiya, za ta kai nata ɗan asibiti.

Zancen mahaifiyarki, mota biyu ba abin da yara za su riƙa hawa kullum ba ne, amma ita za ta iya zuwa ranar Alhamis da safe ta kwana, ta koma Juma'a da yamma ko Asabar. Kuɗin motar zuwa da dawowa sau ɗaya a mako bai kai albashin 'yar aiki ba, ga shi ya toshe awa goma cikin 16. In ƙarfinta bai kai ba, ƙanwarki ko wata gwaggon yaran ta ɓangaren ubansu. Kada ki cire dangin uba daga lissafi don aure ya mutu, jini yana nan. Abu ɗaya dai: jika namiji ya san yadda ake zagaye kaka. Ki gaya mata dokokin a gabansa.

Lesin bayan tashi, wanda makarantun kuɗi da yawa suke yi har 4, yana cin karo da Islamiyya a kwana ukun farko, don haka ki tambaya ko za su karɓi na Alhamis kaɗai. Ki je da kanki ki ga wane malami ne yake zama, yara nawa ne, ana rufe get, wa yake sallamarsu. Wani lesin ɗin suna ne kawai, malamin yana ofis, yara suna tsallake katanga. Akwai kuma makarantun da suka haɗa boko da Islamiyya ko hadda har yamma, waɗanda za su ɗauke miki rabin matsalar in aljihu zai ɗauka. Kada ki cire ɗan aji shida a tsakiyar shekara yana shirin jarrabawar shiga sakandare, amma tunda baɗi dole ya sauya makaranta, lokacin ne za ki auna wannan. Ki dai tuna yaron da yake kan benci daga 7:30 na safe zuwa 6 na yamma yana buƙatar inda zai yi guje-guje.

Ni abin da na fi so wa ɗan shekara 11 a Alhamis da Juma'a shi ne hanyar da Kano ta gada, a kai shi shagon tela ko mai gyaran waya a cikin unguwa ya fara koyon sana'a. Shagon ya zama mai buɗe ga titi, maigidan ya zama wanda liman ko mai unguwa zai iya tsaya masa. Ki je tare da kawun yaron a damƙa shi, a yi magana a fili: lokacin zuwa, lokacin tashi kada ya wuce 5:30, ba aike mai nisa, in bai zo ba a kira ki. Gareji da tasha ki bar su tukuna, aikin ya yi masa nauyi, kuma nan yara da yawa suke fara sanin sholisho. Yarinyar ma za ta iya zuwa wajen mace mai ɗinki ko saƙa a cikin gida, rana ɗaya a mako, ɗayar ta bar wa littattafanta.

Za a zo a ce miki ga wata 'yar ƙauye mai sauƙin kuɗi. Ki ƙi. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP take aiki da ita, ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 7 ga wanda ya ɗauki yaron da bai kai 12 ba aikin gida. Ko ta kai 13 ko 14, yaro na huɗu kika ƙara wa gidan, mai kewar iyayenta, wadda ba wanda zai ji maganarta. Gara dattijuwar unguwa da za ki biya na kwana biyu kawai.

Uban yaran

Wannan nauyin ba naki ba ne ke kaɗai. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'armu suke bi, kamar yadda ya zo a Risala, riƙon yara bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Ciyarwa da tufatarwa kuwa a kan uba suke gwargwadon halinsa. Ki rubuta abin da sabon tsarin zai ci a wata, kuɗin lesin, na ɗan sahu, na mai zama da su, a kai masa ta hannun waliyyinki ko wani babba a danginsa. In ya ƙi, akwai mai unguwa, akwai Hisba, akwai kotu. Wani uban amsarsa ita ce "in ba za ta iya ba ta kawo min 'ya'yana". Shi ya sa tsari bayyananne yake kare ki, domin daga sharuɗɗan riƙo akwai iya kula da yaron da amincin wurin da yake. In magana ta kai nan ki nemi lauya ko malamin da ya san aikin kotu, ya dubi takardunki. In kuwa mutum ne mai sauƙin kai kuma yana gari, ranar Juma'a tasa ce: ya ɗauki mazan daga makaranta, su je masallaci tare, ya dawo da su da yamma.

Cikin ɗakin kansa

Makulli ki yanka uku: naki, na yarinyar, na maƙwabciya. Nata ta rataya a wuya da igiya a cikin riga. Ƙarƙashin dutse da saman ƙofa duk gidan haya an san su.

Abincin rana ki dafa da asuba ki zuba a kula. Ki fara zuba tafasasshen ruwa a cikin kular ki rufe minti biyar, ki zubar, sannan ki zuba abincin yana turiri, miya a tata kular daban, kuma kada a buɗe sai lokacin ci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka nan ba zafi ba sanyi, kuma daga Maris zuwa Mayu, da zafin Kano yake haura maki 40, shinkafa da wake ko miyar kifi da ta huce tun hantsi tana iya juyawa kafin 2. A irin kwanakin ki haɗa da abin da ba ya lalacewa: garin kwaki da ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino, burodi. Ki kuma raba wa kowa nasa tun da safe, musamman nama. Rabin faɗan yara da rana a kan tsoka ɗaya yake tashi.

Gas a watannin farko ki rufe shi, ki cire kan ki kulle. In daga baya kin yarda yarinyar ta riƙa ɗumame, ta cire hijabi da mayafi kafin ta kunna, domin yadin roba da ake ɗinka hijabin makaranta da shi yana kamawa nan take kuma yana narkewa ya manne a fata. In sun ji warin gas kada a kyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki, a buɗe ƙofa da taga a fita. Ƙuna kuwa ruwa mai sanyi ake ta kwararawa har minti 20, ba man goge baki, ba ƙwai, ba manja, ba gishiri, sannan a tafi asibiti. Hita ta cikin bokiti ki ɗauke ta gaba ɗaya. Ki koya musu cewa da an ɗauke wuta a kashe dutsen guga da duk abin da yake jone, don gobara da yawa dawowar wuta ce ta tarar da abu a kunne ba kowa. Lokacin sanyi ba shigar da gawayi ɗaki a rufe ƙofa, hayaƙin da ba a gani yana kisa cikin barci, haka na janareto. Kalanzir, fetur, fiya-fiya da magunguna su shiga akwati mai kwaɗo, kada a zuba su a robar lemo. In yaro ya sha kalanzir kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a wuce asibiti. Rijiyar tsakar gida ta samu murfi mai nauyi, da damina kuma ki ambaci kududdufin unguwarku da sunansa ki haramta shi.

Waya ƙarama mai tocila ta isa, ta zauna a gida tunda makarantu suna ƙwacewa. Doka ita ce filashin biyu, ɗaya in sun shigo, ɗaya in za su fita Islamiyya. Wani lokaci ki kira ba zato ki ce a ba kowa ku gaisa. Muryoyi uku kike son ji, "yana banɗaki" sau biyu a jere kuwa labari ne. Ki rubuta lambarki, ta maƙwabciya, ta kawunsu da 112 na gaggawa a takarda ki manna a bango. Babbar waya mai intanet kada ta wuni da su. TikTok da Facebook su da kansu sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙaranci, kuma awa huɗu ba babba a kusa ba wurin fara su ba ne. In dole sai da ita saboda aikin makaranta, manhajar Family Link ta Google tana ba ki damar ƙayyade lokaci da abin da za a sauke.

Hanya da mutane

In makarantar ba ta tafiyar ƙafa ba ce, ku haɗu da iyaye biyu ko uku ku ɗauki ɗan sahu guda na wata. Ki san gidansa, ki rubuta lambar mashin ɗin, ku yi sharaɗi ba ya ɗaukar fasinja in yara suna ciki, ba ya turo wani a madadinsa sai ya kira. Ki kai wa makarantar boko da Islamiyya takarda mai sunayen waɗanda aka yarda su ɗauki yaran. Ku kuma yi wata kalma ta sirri tsakaninku, duk wanda ya ce ke kika aiko shi, in bai faɗe ta ba kada su bi shi, ko da sun san fuskarsa.

Wannan ya kawo ni kan abin da ba a son faɗa. Yawancin masu lalata yara sanannu ne gare su: maƙwabci, ɗan uwa, mai shagon layi, wani lokaci malami. Kuma gidan da aka san uwa ba ta nan daga safe zuwa magariba, ba namiji babba, ana lura da shi. Dokar ta zama ɗaya ga kowa don kada wani ya ce da shi ake: ba namijin da zai shiga ɗakinku ba kya nan, ko kawu ne, ko mai gidan haya, ko mai gyaran wuta. Su ma ba shiga ɗakin kowa, ba shiga cikin shago. Yaranki mazan ma wannan dokar ta hau kansu, iyaye suna mantawa da haka. Kyautar da ba ke kika bayar ba a nuna miki. Ki gaya musu a fili cewa duk wanda ya ce kada su gaya wa Umma, to shi ne na farkon da za a gaya wa Umma, kuma ba za ki dake su ba. In, Allah ya kiyaye, wani abu ya faru, asibiti ne farko, cikin awa 72 da maganin kariya daga cutar ƙanjamau yake aiki. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala da aka ware don wannan.

Shi ɗan shekara 11 abin da zai ja shi gidan kallon ƙwallo ne da majalisar waɗanda suka girme shi. Gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin tun 2018, amma ƙwayoyi ba su bar unguwanni ba, kuma ƙananan yara ake fara aike sayowa. Hana shi ƙwallo gaba ɗaya ba zai yiwu ba, ƙarya kawai zai koya. Ki ba shi fili guda da kika sani, rana guda, da lokacin dawowa. Ki sa ido kan kuɗin da ba ke kika ba shi ba da sabon abokin da ya ba shi shekara huɗu ko biyar.

Ranakun da tsarin ba ya aiki

Duk abin da na faɗa na lokacin karatu ne. Dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, hutun azumi da Islamiyyu da yawa suke bayarwa, da ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi, kowanne yana rusa shi. Dogon hutu ki fara shirinsa tun watan Yuni: mako biyu wajen kaka, mako biyu wajen dangin uba in akwai aminci, sauran a shagon sana'a da lesin hutu. Yaro marar lafiya kuwa ba a bar wa yaro. A wurin aiki ki faɗa wa shugabarki halin da kike ciki tun makon farko, kada ki bari sai ranar da abu ya faru. Ki nemi izinin duba waya wajen 2:30, ki tambaya ko za a bar ki ki tashi da wuri ranar Juma'a ki rama wata rana. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashi bayan wata 12, wurare da yawa suna ba da fiye da haka. Ki ajiye su don irin waɗannan ranaku.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni ban ga gidanku ba, ban ga layinku ba. In ɗaya daga cikin yaran yana da sikila, asma ko farfaɗiya, leƙen maƙwabciya bai wadatar ba, sai babban da yake zaune da su wanda ya san maganin da abin da zai yi. Haka in unguwar tana fama da faɗan daba, tafiyar Islamiyya da dawowar magariba sai da rakiya.

In kin dawo da yamma, kafin ki ɗora tukunya, ki ba su minti 15. Ki tambayi kowa shi kaɗai, wani lokaci a wajen alwala, wani lokaci a hanyar sayo burodi, tambayar da ba a amsa ta da "lafiya lau": wa ya shigo gidan yau, ƙarfe nawa ka dawo daga ƙwallo, me ya ba ka haushi. Autan shi ya fi saurin faɗar gaskiya, kada ki taɓa nuna wa yayyensa daga bakinsa kika ji. Bayan wata guda ki zauna da maƙwabciyar, ki leƙa malamin Islamiyya ki duba rajista ki ga ko akwai ranakun da aka yi fashi ba ki sani ba. In autan ya koma fitsarin kwance, ko yarinyar ta yi shiru ta daina ba ki labarin makaranta, ko namijin ya fara dawowa bayan ke, to wani wuri a tsarin ya saki. Ki fara duba Alhamis.